A Binciki Lafiyar Sojojin Ruwanmu

Malam Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka domin jan hankalin likitocinmu, musamman na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kan ciwon baya da gwiwa da matsananciyar gajiya da ke addabar sojojin ruwa, waɗanda ke shafe makonni suna sintiri cikin jijjigar jirgi, ƙarar inji da ƙarancin barci.

Wasu na tallata allurar ƙwayoyin halitta na asali (stem cells), wato ƙwayoyin da jiki ke samar da wasu nau'o'in ƙwayoyi daga gare su, a matsayin waraka. Dashen ɓargo, wanda da irin waɗannan ƙwayoyi ake yin sa, ya tabbata ga masu sikila, har an yi shi a birnin Benin na jihar Edo a 2011, amma a ciwon gaɓoɓi har yanzu gwaji ake yi. Ya kamata a fara bincikar dakarunmu, a kuma gyara musu lokutan hutu.

Naka,
Mai karatu daga Sabon Gari, Zariya.