Zuwa ga ƙanina da ya yi mini tambaya kan IPv6, sabon tsarin adireshin intanet

Assalamu alaikum.

A taronmu na masu ajiye wa mutane shafukan intanet a kan saba (kwamfutar da ke riƙe shafi) a nan Kano, ka miƙe gaban jama'a ka ce: "Yaya, ni mai saba uku da kwastoman da ba su kai ɗari ba, me zai kai ni wahalar IPv6? Ba wanda ya taɓa nema. Me ya hana mu haɗa kai mu matsa wa AFRINIC ta ƙaro mana IPv4?" Aka kira la'asar ban ba ka amsa ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Gaskiyarka ce, kwastoma ba ya nema. Shi dai shafinsa ya buɗe. Amma batun matsa wa AFRINIC, hukumar da ke raba adireshin intanet a Afirka, ƙanina, rijiyar ce ta ƙafe, ba mai guga ne ya hana ba. Adireshin IPv4, wato tsohon tsarin lambobin da ake gane na'ura da su a intanet, duka duniya kimanin biliyan 4.3 ne. IANA, uwar hukumar da ke raba wa yankunan duniya adireshi, ta raba ragowarta ranar 3 ga Fabrairu, 2011. Na Turai ya ƙare ƙarƙaf a Nuwamba 2019. Mu a Afirka, tun Janairu 2020 ake auna mana da ɗan mudu: mafi yawan abin da AFRINIC za ta ba ka a buƙata ɗaya 1,024 ne, kuma kafin ka koma neman ƙari sai ka nuna ka ci kashi 90 cikin 100 na wanda ke hannunka.

To wa ƙarancin ya fi ƙona? Manyan da suka riga mu shiga sun cika rumbu tun ana rabo da buhu. Mu ne ke haya. Amazon ma tun Fabrairu 2024 take cajin kusan dala 3.6 a wata kan kowane adireshin IPv4 ɗaya da ka haya a wurinta, ga kuma yadda naira take.

Ni na ɗanɗana. Adireshi 32 na taɓa haya wurin wanda ke ba ni layin intanet. Da muka rabu ya karɓe abinsa, na kwana biyu ofis, janareto na ruri, ina sauya lamba shafi bayan shafi. Sababbin da na samu ashe wani ya riga ya ɓata musu suna da aika saƙonnin banza. Wata makaranta da nake riƙe wa imel ta yi mako guda saƙonninta na dawowa, a daidai lokacin ɗaukar ɗalibai. Har yau ina jin muryar shugabar makarantar a waya, ba faɗa take ba, roƙo take.

A IPv6, rabon farko da AFRINIC ke ba irinmu in mun zama mambobinta shi ne babban filin adireshi da ake kira /32. Cikinsa za ka yanka ƙananan filaye da ake kira /48 har 65,536, kowane kwastoma da nasa fili. In ka haɗa da lambar ASN taka, wato lambar da ake gane hanyar sadarwarka da ita a intanet, ko ka sauya mai ba ka layi da kayanka za ka tafi. Kuɗin zama mamba da dala ake biya, na san da nauyi, amma lissafa abin da haya ke ci maka a shekara.

Ban ce ka jefar da IPv4 ba, yawancin masu shiga shafukanmu daga gida ta nan suke zuwa. Ka tafi da su tare. Abu biyu kawai ka kiyaye: katangar tsaron da ka gina wa IPv4 ba ta kare IPv6, sai ka rubuta mata nata dokokin. Sabar imel kuma kada ka kunna mata IPv6 sai ka saita PTR, wato bayanin da ke haɗa adireshi da sunan sabar, in ba haka ba za a riƙa mayar maka da saƙo.

Haɗa kan da ka faɗa kuwa ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Zaman tsara dokokin rabo na AFRINIC a buɗe yake ga kowa, mu ƙanana ne ba ma zuwa. Mu je. Mu kuma rubuta wa masu ba mu layi takarda ɗaya, da sa hannunmu duka, muna neman IPv6.

Ka zo ofis ranar Asabar bayan azahar da kwamfutarka, mu fara da sabarka mafi ƙarancin aiki.

Naka,
Yayanka a sana'a, Kano