Amsa ga Alhajin da ya tambaya: idan mota ta buge mai keke, laifin wa ne?

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji tambayar da ka jefo mini ta waya a shirin rediyon da aka gayyace ni ranar 3 ga Yuni, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa keke tun shekarar 2018. Lokacin shirin ya ƙare kafin a ba ni damar cewa uffan, saboda haka na ga ya dace in amsa a rubuce, a bainar jama'a, kamar yadda kai ma ka yi tambayar. Domin waɗanda ba su saurari shirin ba, maganarka ta ƙunshi abu uku. Ka ce masu keke ba sa biyan ko sisin kwabo na lasisi ko lamba amma suna tare wa masu biya hanya. Ka ce babu abin da zai ɗora magidanci mai furfura a kan keke a wannan zamani in ba talauci ko neman suna ba. Sannan ka rufe da tambayar da ta sa mai gabatar da shirin dariya, cewa idan na kutsa cikin motoci a titin Zariya da sassafe aka buge ni, laifin wa ne.

Maganar haraji ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Titin Zariya ba da kuɗin lambar mota aka shimfiɗa shi ba, da dukiyar jama'a aka yi shi, kuma ni malamin makaranta ne wanda ake cire wa haraji daga albashi kafin kuɗin su iso hannunsa, abin da ba kowane ɗan kasuwa ne zai iya rantsewa ana yi masa ba. Ina kuma biyan harajin kashi 7.5 cikin ɗari da ke kan kayan masarufi da yawa, kamar kowa. Wanda yake son sanin abin da ke farfasa kwalta sai ya je ya tsaya inda tifa da tirela suke wucewa da lodi, ba zai ga sawun tayar keke a cikin ramukan ba.

Game da talauci, ban san ranar da ya zama laifin hanya ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka yi shelar cire tallafin man fetur, lita ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000, kuma tun daga lokacin duk mai ido ya ga yadda ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka kakkaɓe kekunan da suka jingine shekara da shekaru. Ni dai ban jira tsadar mai ba, domin na gaji hawan keke daga mahaifina, wanda ya yi aikinsa har ya yi ritaya a kan Raleigh, a zamanin da ake harhaɗa ta a nan Kano, lokacin da malami ko akawu a kan keke abin girmamawa ne a unguwa. Idan neman suna nake yi, to na zaɓi hanya mafi wahala, domin sunan da nake samu kowace safiya shi ne wanda direbobi ke kira na da shi ta taga, kuma ba irin wanda ake rubutawa a wasiƙa ba ne.

Tambaya ta uku ce ta hana ni barci, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Tambayar da ka yi tana ɗauke da amsarta a cikinta, Alhaji, wato wanda aka buge shi ne mai laifi tun da shi ya kawo kansa. Wannan hukunci ba kai ka ƙirƙiro shi ba, shi ne hukuncin da ake yankewa a bakin titi duk lokacin da aka kwantar da wani mai keke ko mai tafiya a ƙasa: jama'a su taru, direba ya fito yana salati yana cewa tsautsayi ne, wani ya ce ai shi ma mai keken bai duba ba, a ɗauki mutum a kai asibiti, daga nan kuma maganar ta mutu. Babu mai tambayar gudun da motar take yi, babu mai tambayar ko waya ce a kunnen direban. Abin da ya yi mini ciwo shi ne jin wannan hukunci daga bakin dattijo irinka, wanda ake ba wa wuri a sahun gaba, a gidan rediyon da dubban matasan direbobi ke saurare a cikin motocinsu.

Bari in gaya maka yadda hanyar take ga wanda ba gilashi tsakaninsa da ita. Daga Unguwa Uku nake fitowa, in bi titin Zariya, in wuce Dangi, in nufi Ƙofar Nassarawa. Ina bin gefen dama, daf da bakin kwalta, inda yashi da leda da fasassun kwalabe suke taruwa, inda kuma ruwa yake kwanciya da damina ya ɓoye ramin da zai iya kayar da mutum. Wannan ɗan gefen ma ba nawa ba ne. Mai Adaidaita Sahu yana iya wuce ni da gudu ya yanko gabana ya taka birki saboda ya hango fasinja, ba sigina ba komai. Mai mota yana iya fakawa ya buɗe ƙofa ba tare da ya kalli madubi ba. Mai babur da ya saɓa hannu yana tahowa ta gabana yana kunna mini fitila, kamar ni ne na shigo masa. A danja kuwa, tun kafin koren wuta ya gama kamawa an danna mini hon daga baya, kuma wanda ya yi hon ɗin ya goga mini madubi ya wuce, shi zan tarar a tsaye a cunkoson gaba, in wuce shi a hankali, yana harara ta. Duk gaggawar da ya yi, wadda ta kusa raba 'ya'yana da ubansu, ba ta ƙara masa ko tsawon mota biyu ba.

Ina ɗaga hannu kafin in juya, ina da fitila gaba da baya, ina duba birki da sarƙa kafin in fita, kuma da hazon hunturu ina sa riga mai ɗaukar ido. Na san akwai masu keken da ba sa yin haka, akwai yaran da ke tsallaka titi ba dubawa, kuma ba na kare su. Sai dai gangancin mai keke kansa yake ci, gangancin mai mota kuwa wani yake ci, kuma duk shari'ar da ba ta bambanta waɗannan biyu ba, ba ta yi adalci ba. Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya ya lissafa mai keke cikin masu amfani da titi, ya kuma ƙayyade gudun kilomita 50 a sa'a a cikin gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, ta kuma ce idan gudun mota ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da ta buga yakan ninka sau huɗu da rabi. Ka tsaya a titin Zariya bayan sallar isha'i, lokacin da hanya ta yi sauƙi, ka gaya mini da gaskiyarka motoci nawa ne ke tafiya a kan 50.

Yanzu sai in zo inda na so in kauce saboda girmanka, amma tun da kai ne ka gabatar da kanka a shirin a matsayin mai Adaidaita Sahu da yawa a kan titi, ba asiri na tona ba. Kowa a Kano ya san yadda wannan sana'a take tafiya. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, Adaidaita Sahu ta zama ƙafar gari, kuma akasarin yaran da ke tuƙa ta ba su ne masu ita ba. Yaro zai fito da asuba da balas a wuyansa, wato kuɗin da dole ya kai wa mai abin hawa kullum, sai ya haɗa shi, ya haɗa na mai, ya haɗa na tikiti, sannan ya fara neman na cefanen gidansa. Mutumin da aka ɗora wa wannan lissafi ba zai jira mai keke ya wuce ba, domin kowane fasinja da ya kuɓuce masa daga abincin 'ya'yansa aka cire. Ina jin zafin yaron da ya yanke ni a hanya, amma na san rashin haƙurin nasa ba daga cikin uwarsa ya fito da shi ba, akwai wanda yake zaune a inuwa yana jiran balas da magariba, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Shi ya sa na yi mamaki da wanda ke karɓar balas ya zama shi ne mai tambayar laifin wa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban ce kana ƙin keke don kowane mai keke fasinja ne da ya kuɓuce wa motocinka ba, Allah ne masanin zukata, amma ka yarda cewa wanda zai yi wannan zato bai yi nisan kiwo ba.

Ka san hadisin nan fiye da ni, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci masu zama a bakin hanya da su ba hanya haƙƙinta, ya kuma lissafa kame cuta daga mutane cikin wannan haƙƙi. Idan an ɗora wa wanda yake zaune kawai wannan nauyi, ina ga wanda yake riƙe da sitiyarin ƙarfe mai nauyin tan guda ko fiye? Ina ganin mutane da carbi rataye a madubi suna matse tsoho mai keke har ya faɗa kwata, sannan su isa masallaci a kan lokaci.

Gaskiyar magana, fushina ya wuce kanka. An gina wa Kano gadojin sama da na ƙarƙashin ƙasa a Ƙofar Nassarawa da Kabuga da Dangi da Hotoro da sauran wurare, kuma ban ce ba su rage cunkoso ba, amma duk wanda ya hau su a kan keke ya san ba a tuna da shi ba ranar da aka zana su. An faɗaɗa tituna domin mota ta yi gudu, ba a ware wa keke ko taku biyu ba, inda aka yi wa masu tafiya a ƙasa wuri kuma 'yan tireda da masu fakin sun cinye shi. Wannan ya faru ne a garin da akasarinsa shimfiɗaɗɗe ne, garin da mafi yawan mutanensa ba su da mota kuma ba sa sa ran mallakarta. Masu zana titi a mota suke zuwa ofis, masu sa hannu a kwangila a mota suke zuwa, masu kira a rediyo su yi dariya su ma haka. A shekarar 2001, ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi kira ga 'yan Najeriya su rungumi keke, ya hau da kansa a Abuja, motar bas ta ture shi cikin kwata, ƙasa ta ɗauka da dariya. An yi masa ba'a ta shekaru, amma ban ji an tsaya an tambayi dalilin da ya sa minista guda ba zai iya tafiya a kan keke a babban birnin ƙasa ya isa lafiya ba. Dariyar da aka yi masa ita ce aka yi mini ranar 3 ga Yuni, fiye da shekara ashirin bayan nan.

Abin da muke nema bai kai kuɗin ƙafa ɗaya ta gadar sama ba: a ware gefen titi da shinge ko da a manyan hanyoyin da ke kai wa makarantu da kasuwanni, a share yashin da ke taruwa a wurin, a tilasta gudun da doka ta riga ta ƙayyade, a kuma daina ba da lasisi ga wanda ba a taɓa gwada tuƙinsa ba. Daga direbobi kuwa muna roƙon tazarar hannu guda idan za su wuce mu, da kallon madubi kafin buɗe ƙofa.

Amsar tambayarka ke nan, Alhaji: idan ina kan hannuna, da fitilata, aka taho daga baya aka buge ni, laifin wanda ya buge ni ne, kuma wanda ya ɗora masa lissafin da ya hana shi taka birki yana da nasa kaso. Tun da na amsa taka, ga tawa, kuma ina roƙon ka amsa ta a gidan rediyon da ka yi ta farko, da muryarka. Nawa ne balas ɗin da kake karɓa a kan kowace Adaidaita Sahu a rana, sa'a nawa yaro yake yi a kan titi kafin ya haɗa shi, kuma a cikin yaran nan naka, mutum nawa ne ka taɓa neman ganin lasisinsu kafin ka miƙa musu makulli?

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai keke, Unguwa Uku, Kano.