Kalmar "Arewacin Kyuba" da Mu Mazauna Bakin Iyaka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da aka furta a ƙasar Amurka, wadda duk da nisan inda aka faɗe ta, ina ganin ta shafe mu mutanen Katsina da Daura fiye da yadda mai karatu zai zata da farko. Ni tsohon malamin koyar da kanikanci ne, kuma son inji ya sa na daɗe ina bibiyar tseren motoci ta intanet, musamman wanda hukumar NASCAR take shiryawa, inda ake fafatawa da motocin da aka yi musu siffar motocin gida amma aka sa musu injin da ba na gida ba. A shekarar 2025 hukumar ta sanar da cewa tseren ƙarshe na kakar 2026, wanda a cikinsa ake naɗa zakaran shekara, zai koma filin Homestead da ke kudancin birnin Mayami a jihar Fulorida, bayan an ɗauke shi daga can zuwa birnin Phoenix na jihar Arizona tun 2020. Wannan sanarwa ce ta tuno mini da maganar da nake son yin tsokaci a kai.

Daga 2002 zuwa 2019 a Homestead ake rufe kakar tsere kowace shekara, kuma akwai wani hamshaƙin attajiri mai suna Bruton Smith da wannan tsari bai taɓa kwanta masa ba. Shi ne ya kafa kamfanin Speedway Motorsports, mai mallakar manyan filayen tsere irin su Charlotte da Atlanta da Bristol da Las Vegas, kuma burinsa shi ne a mayar da tseren ƙarshe ɗaya daga cikin filayensa. A gaban manema labarai, yana sukar zaɓin Homestead, sai ya kira wurin da sunan "Arewacin Kyuba", yana nuna cewa irin wannan wuri bai dace da naɗa zakara ba. Kowa a Amurka ya san abin da wannan laƙabi yake nufi, domin yankin Mayami ne matattarar Amurkawa 'yan asalin Kyuba, tun daga waɗanda suka baro tsibirin bayan juyin juya halin Fidel Castro na 1959 har zuwa mutum kusan 125,000 da suka tsallako teku daga tashar Mariel a 1980.

Masu kare shi suna da hujjoji biyu, kuma adalci ne a saurare su. Na farko suna cewa dattijon ya saba da irin wannan zolaya, kuma adawa ce ta kasuwanci kawai, tunda filin Homestead yana hannun kamfanin iyalan France, waɗanda kakansu Bill France ya kafa NASCAR a 1948, kuma su ne manyan abokan hamayyarsa. Na biyu suna cewa ai gaskiya ce Fulorida tana arewa da Kyuba, tazarar da ke tsakanin tsibirin da garin Key West na can ƙarshen kudancin jihar ba ta wuce kimanin kilomita 145 ba, don haka bai faɗi ƙarya ba. Amsata ga hujjar farko ita ce, ɗan kasuwa mai neman a kawo ciniki rumfarsa yana da hanyoyi da yawa na kushe rumfar maƙwabcinsa: yana iya magana a kan yawan kujerun 'yan kallo, ko yawan masaukin baƙi, ko cunkoson hanya, ko kuɗin shigar da za a samu. Duk waɗannan suna gabansa, amma ya tsallake su ya kama asalin mutanen da ke zaune a wurin ya mai da shi aibi. Hujja ta biyu kuwa ba ta da ƙafar tsayawa, domin ba darasin taswira yake bayarwa ba. Wanda ya cire sunan gari ya liƙa masa sunan wata ƙasa, yana gaya wa mazauna garin ne cewa su baƙi ne, komai daɗewarsu, komai harajin da suka biya, komai 'ya'yan da suka haifa a can.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne tarihin filin kansa. A ranar 24 ga Agusta 1992 guguwar Andrew ta afka wa garin Homestead ta rusa shi kusan baki ɗaya, gidaje suka kwanta, sansanin sojan sama da jama'a da yawa suka dogara da shi ya lalace, mutane suka yi ta ƙaura. Mutumin da ya tsaya kai da fata a gina filin tsere a wurin domin garin ya farfaɗo shi ne Ralph Sanchez, haifaffen Kyuba, wanda ya shigo Amurka yana yaro ba tare da iyayensa ba, a cikin shirin nan da ake kira Pedro Pan, wanda ya kwaso yara fiye da 14,000 daga tsibirin tsakanin 1960 da 1962. An aza harsashin filin shekara guda cif bayan guguwar, aka buɗe shi a 1995. Wato yaron da ya sauka a ƙasar ba uwa ba uba shi ne ya girma ya gina wa wasan Amurkawa gida a kan kufan da iska ta bari, sannan wani ya zo daga baya ya ce gidan bai cancanta ba saboda irin mutanen da suka kewaye shi. Ban da Sanchez, akwai Felix Sabates, shi ma haifaffen Kyuba, da ya shafe shekaru yana da motocin tsere a NASCAR, akwai kuma direba Aric Almirola, wanda mahaifinsa ya taso daga Kyuba, kuma ya ci tseren Daytona na watan Yulin 2014 a cikin mota mai lamba 43 ta gidan shahararren tsohon direba Richard Petty, lambar da babu mai son wannan wasa da bai san darajarta ba.

Malam Edita, dalilin da ya sa maganar ta tsaya mini a maƙogwaro shi ne na taɓa ɗanɗana irinta. Wasu shekaru da suka wuce na yi tafiya Kudu domin sayo kayan aikin koyarwa, a kan hanyar dawowa aka tsayar da motarmu a wani shingen bincike da tsakar dare. Wani mai kaki ya haska mini tocila a fuska, ya karɓi katin shaidata, ya karanta sunan ƙaramar hukumar da aka haifi mahaifina, wadda take bakin iyaka ta wajen Daura, sai ya juya ga abokin aikinsa ya ce ga wani ɗan Nijar nan ya sayi katin Najeriya. Ya sauko da ni daga mota, ya sa na tsaya a gefen kwalta da jakata a hannu, ya ce in rera taken ƙasa. Na rera, ina da furfura a gemu, fasinjoji suna leƙe ta taga, wasu suna dariya, wasu sun sunkuyar da kai. Bai taɓa ni ba, bai karɓi ko kwabo a hannuna ba, amma na koma kujerata ina jin kamar an tuɓe mini riga a kasuwa, kuma har muka shigo Funtuwa da hantsi ban iya sa komai a bakina ba. Shekara talatin ina koyar da 'ya'yan ƙasar nan yadda ake ɗaure inji, kuma kalma ɗaya ta isa ta fitar da ni daga cikinta.

Ba ni kaɗai ba ne. Lokacin da aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a 2021, wanda aka tsara zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, mun karanta abin da aka riƙa rubutawa a kafafen sada zumunta, inda wasu suka bar muhawara a kan kuɗin aikin da amfaninsa, wadda muhawara ce halattacciya, suka koma cewa mu duka 'yan Nijar ne da aka yi wa hanya zuwa gida. Ina so a fahimce ni da kyau a nan, domin babu Bakatsinen da zai ji kunyar dangantakarsa da mutanen Nijar. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, saboda zuriyar sarakunan Katsina na dauri ne da suka koma can bayan jihadi, kuma iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba gonaki da dangi da kasuwanni ne waɗanda dama a haɗe suke. Mutumin Mai'aduwa ko Kongolam yana da gwaggo a Damagaram kamar yadda mutumin Mayami yake da kaka a Habana, babban birnin Kyuba. Abin da ke ciwo shi ne a ɗauki wannan zumunci a mai da shi sandar da za a kore ka da ita daga ƙasarka.

Wani abokina da muke zama a majalisa ɗaya bayan sallar la'asar ya ce mini na cika ɗaukar abu da zafi, ai mu ma muna da barkwanci, Bakatsine ya tsokani Banufe, Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare su yi ta kiran juna bawa, kuma ba a taɓa jin an kai ƙara ba. Na ce masa gaskiya ne, amma wasan taubasantaka yana da ƙa'idojin da kakanninmu suka gindaya masa. Ɓangarorin biyu sun san da wasan kuma sun yarda da shi, kowa yana da damar ramawa nan take, ana yin sa ido da ido, kuma ƙarshensa a ci abinci a kwano ɗaya. Idan Banufe ya sauka a gidana na zolaye shi, wajibi ne in shimfiɗa masa tabarma in kawo masa fura. Attajirin da ya tsaya a gaban na'urorin ɗaukar magana ya yi wa al'umma guda shaguɓe, alhali ba sa wurin, ba su da bakin da ya kai nasa, kuma manufarsa a ɗauke musu abin da suke samun abinci da shi, bai cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba.

Sai dai ba zan yi adalci ba idan na tsaya a kan laifin wasu na tsallake namu. Akwai wani mai sayar da kayan gyaran mota da na daɗe ina ciniki da shi a cikin garin nan, Ibo ne, a Katsina aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yanmu da suka tashi a Abuja, kuma sau da yawa ya ba ɗalibaina bashin fulogi da fanbel lokacin da suka buɗe garejinsu ba su da jari. Wata rana ina zaune a kan benci a shagonsa, wani matashi ya zo suka saɓa a kan farashin kwanon birki, sai yaron ya wurgar da kwanon a kan teburi ya kira shi da sunan nan na raini da muke kiran ƙabilarsa da shi, ya ce idan ba zai rage ba ya tattara ya koma garinsu. Mai shagon ya ɗauki kwanon ya goge shi da tsumma ya mayar cikin kwali, ya ce da yaron a hankali, "Ɗan'uwa, a nan aka binne mahaifiyata, wane garin zan koma?" Na tsawata wa yaron, amma na san ba shi ya ƙirƙiro kalmar ba, a bakinmu manya ya ji ta, kuma a ranar na ga fuskar da na yi a gefen kwalta a kan fuskar wani.

A wasan tseren motocin Amurka an ga yadda hukunci yake sauka idan mai furucin ma'aikaci ne. A 2009 tashar ESPN ta dakatar da mai sharhi Bob Griese na mako guda saboda ya ce direba Juan Pablo Montoya ya tafi cin wani abincin mutanen Meziko, alhali Montoya ɗan Kolombiya ne, wato ya haɗa al'ummomi daban-daban ya zuba a tukunya ɗaya. A watan Afrilun 2020 direba Kyle Larson ya furta kalmar ƙasƙanci ga baƙar fata yayin wani tseren kwamfuta, hukumar ta dakatar da shi, kamfanin Chip Ganassi da yake yi wa tuƙi ya sallame shi, sai da ya nemi afuwa ya yi horon gyaran hali kafin ya dawo a 2021 ya zama zakara. Shi kuwa Bruton Smith ya ci gaba da riƙe filayensa, aka sanya shi cikin zauren gwarzayen NASCAR a 2016, ya rasu a 2022 yana da shekara 95. Ba na musun hidimar da ya yi wa wasan, amma mun san wannan tsari a gida: ƙaramin ma'aikaci ya yi suɓul da baka a kore shi, mai kuɗi ko mai mulki ya faɗi wadda ta fi ta muni a ce ai halinsa ne.

Don haka roƙona gare ka da abokan aikinka na jaridu da gidajen rediyon Hausa guda biyu ne. Idan wani babba, ɗan siyasa ne ko attajiri ko malami, ya kira wata unguwa ko wani gari da sunan wata ƙabila ko wata ƙasa domin ya ƙasƙantar da mazaunanta, wakilinku ya tambaye shi a nan take abin da yake nufi, kada a yi dariya a wuce, kuma a nemi mutanen da aka yi wa maganar a buga amsarsu a shafi ɗaya da tasa. Sannan idan an kama mai laifi, a rubuta sunansa da laifin da ake zarginsa da shi, a daina sa ƙabilarsa a kanun labari, domin mai shagon da na ambata yana sayen wannan jarida, kuma 'ya'yansa ne suke karanta masa ita.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Naka,
Tsohon malamin kanikanci,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.