Zuwa ga Iyaye da Masu Riƙon Yara: Batun Ajin Maganar Hannu

Assalamu alaikum iyaye masu girma. Ya ɗawainiyar yara? Allah ya saka muku da alheri.

Na san labarin ajin maganar hannu ya riga takardar nan isa gidajenku, kuma kowane yaro ya kai shi ne yadda zai wanke kansa. To ga yadda aka yi.

Tun ranar farko malamar ta kafa doka cewa a darasinta ba a magana da baki. Kurma ce, ba wanda bai sani ba. Sai 'yan kujerun baya suka mayar da darasin lokacin hira: ta juya ga allo surutu ya ɓarke, ta waigo a yi tsit. Har da mai sa littafi ta kare baki don kada a karanta leɓenta. Ranar Talata malama ta gano su, ta rage wa ajin maki gaba ɗaya. Su kuma suka kifa kai a kan tebura, suka ƙi kallonta har aka kaɗa ƙararrawa.

Kifa kan nan shi ya fi ɓata mini rai. Harshen nan da ido ake jin sa. Yaron da ya kawar da ido daga mai yi masa magana da hannu, daidai yake da wanda ya toshe kunne mahaifinsa na magana. Wa zai lamunci haka a gidansa?

Wasunku sun ce wai malamar na yawan haɗe rai da buga tebur. A tsarin da muke koyarwa, wanda asalinsa na Amurka ne, fuska tana cikin nahawu. Tambayar da amsarta e ko a'a ce, ɗaga gira ake yi. In kuwa ta "wa", "me" ko "ina" ce, sai a haɗe gira. Abin da yaranku suka kira harara, tambaya ce ake yi musu. Buga tebur kuwa, ko kashe fitila a kunna, haka kurame ke kiran hankalin jama'a. An koya musu wannan duka, masu hira ne ba su gani ba.

Dokar hana magana da baki tana nan daram. A 1880 wani taron malamai a birnin Milan na Italiya ya yanke cewa da baki za a riƙa koyar da kurame, aka shafe shekaru da dama ana hana su amfani da hannu a makarantu. Ba a ajin wannan baiwar Allah, a ƙarƙashin kulawata, za a sake danne hannu da surutu ba.

An mayar wa waɗanda ba ruwansu makinsu, kuma malamar ce da kanta ta nemi a yi hakan. Masu laifin sun san kansu. Kowanne ya zo da mahaifi ko mai riƙonsa ranar Litinin da safe. Uban da ya zo bakin ƙofa yana ɗaga murya a gaban ɗalibai, ofishina a buɗe yake, can ake kawo ƙorafi. Ina jinjina wa malamin horo, wanda, kamar yadda ya saba, ya kwantar da ƙurar ba tare da ya ɗaga wa kowa murya ba.

Ajin nan ne zai gabatar da shiri a taron safe ranar 23 ga Satumba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa harsunan maganar hannu. Kuna iya halarta.

Masu ragowar kuɗin makaranta, a taimaka a kammala. Makara ta sake yin yawa. A rubuta sunan yaro a jikin rigar sanyinsa.

Wassalam,
Shugabar makaranta