Zuwa Ga Ummi, Kan Manyan Da Kike Jira Su Ƙwanƙwasa Ƙofarki

Assalamu alaikum.

Ummi, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Mamanki ta faɗa mini hirar da kuka yi ranar Juma'a. Wata biyar ke nan da buɗe ofishinki a Wuse, kin yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kin buga kati, kina ta rubutu a LinkedIn kan horar da shugabanni, amma har yau ba shugaban kamfani ko ɗaya da ya leƙo. Ta ce muryarki ta yi sanyi. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara 22 na yi ina manajan ma'aikata a masaƙa a Sharaɗa, kuma a can na gane cewa babban mutum yana fama da kaɗaici. Wuni guda ba abin da yake ji sai "ranka ya daɗe". Idan ma'aikata sun tashi, maigidanmu yakan aiko a kira ni, ya tura ƙofa, ya cire hula ya kifa ta a kan tebur. Wata rana shayinsa har ya huce bai taɓa ba. Ɗan yayansa ne ke riƙe da makullin sito, kaya kuma suna ta salwanta. In ya kore shi, zumunci ya taɓu. In ya bar shi, daraktoci za su tuhume shi. Ban ba shi shawara ba, tambayoyi na yi ta yi masa har ya furta da bakinsa abin da ya riga ya sani. Ya ci gaba da kirana ne saboda maganar ba ta taɓa fita daga ɗakin ba. Hajar da kike sayarwa ke nan, Ummi: kunne, da gaskiyar da fadawansa ba za su faɗa masa ba, da riƙon amana.

Mai neman irin wannan ba ya bin talla. Takwaransa yake tambaya, a wurin ɗaurin aure ko a jirgin Legas: "Wa kake gani?" Saboda haka ki fara da waɗanda suka san aikinki a shekara 11 da kika yi a banki. Ki rubuta sunaye 20, ki je musu da ƙafarki, ki gaishe su, ki tambayi abin da ke hana su barci a wurin aiki. Kada ki ciro takardar farashi a zuwan farko.

Kuma ki san masu tsaron ƙofa. Kuɗin horo a hannun shugaban sashen ma'aikata yake, kujerar da na zauna a kai, kuma kamfanoni da yawa a ƙarshen shekara suke tsara kasafinsu. Wanda ya zo mana a watan Maris, sai dai mu ce ya dawo baɗi. Shugabannin sashen ma'aikata za ki same su a tarukan ƙungiyoyin manajoji na CIPM da NIM, 'yan kasuwa kuma a ƙungiyarsu ta Kano, KACCIMA. In an ba ki minti 20 ki yi magana a gabansu, ki ɗauki matsala guda ki yi mata filla-filla.

Da zan zaɓar miki matsalar, da na ce gadon kasuwanci. Dubi Kantin Kwari da Singa da Dawanau. Alhaji ya tara dukiya, amma lissafin duka a kansa yake: wa ake bi, wa ke bi, wane dillali ake yarda da shi. Ɗansa ya dawo daga Ingila ko Malesiya da digiri, yana son a sa komai a kwamfuta, yaran shago kuma da suka goya shi ba sa jin umarninsa. Uban na jin nauyin sakin ragama, ɗan na jin kunyar yi wa uba gyara. Alhassan Dantata ya rasu a 1955, kasuwancin gidansa ya ci gaba a hannun 'ya'ya da jikoki har ya kai ga tattaɓa kunnensa Aliko Dangote. Gidaje nawa muka sani a unguwarmu da arzikinsu ya watse kafin a yi shekara uku da rabon gado? Ke kin san harshen uban, kin san na ɗan. Mai horon da za a ɗauko daga waje ba shi da wannan.

Takardar shaidar da kike nema ta ICF, ƙungiyar masu horo ta duniya, ki kammala ta. Matakin farko yana buƙatar awa 100 ta zama da mutane, na biyu awa 500, kuma manyan kamfanoni sukan duba. Alhaji dai ba zai tambaye ta ba, shi zai ce, "'Yar gidan waye?"

Zama na farko ki yi shi kyauta, daga nan a rubuta yarjejeniya, ko ta wata shida, da farashi a fili. Babban mutum yakan raina abin da bai biya ba, sai ya riƙa ɗage lokaci. In kamfani ne zai biya, a fayyace tun farko cewa abin da za ki kai musu ci gaban aikin ne kawai, sirrin mutumin yana wurinki. Kada ki sa hotonki da shi a Facebook, kada ki ambaci sunansa don jawo wani. Kuma ke mace ce mai aure: zamanku ya kasance a ofis, da rana, maigidanki ya san jadawalinki.

In kun zo sallah, ki taho da sunayen nan 20 mu duba tare. Akwai abokaina biyu da 'ya'yansu ke shirin karɓar shago, zan kai ki mu gaishe su. Mamanki na gaishe ki, ta ce a shafa mata kan yara. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki.