Wasiƙa daga Landan game da jikar Carmen

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali, kuma ina fatan jikin Baba ya yi sauƙi. Na karanta saƙonka inda kake ƙorafin cewa salon waƙar soul, wanda ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, ya bi manyan da suka shuɗe, wai mawaƙan yanzu na'ura ce take gyara musu murya. Dalilin wannan takarda shi ne in musa maka, kuma hujjata ita ce wata matashiya 'yar nan Landan mai suna Olivia Dean.

An haife ta a 1999, ta yi karatu a makarantar BRIT da ke Croydon, wadda ita ce ta yaye shahararriyar mawaƙiya Adele, sannan ta fara sana'ar a matsayin 'yar amshi a ƙungiyar mawaƙa ta Rudimental. Abin da ya fara sa na girmama ta shi ne abin da ta yi a 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe zaurukan wasa: maimakon ta naɗe hannu, sai ta hau wata babbar mota rawaya tana bin garuruwa tana waƙa daga bayanta. Faifanta na farko, Messy, ya fito a 2023, kuma ya shiga jerin masu takarar lambar yabo ta Mercury.

Na je kallonta a 2024, kuma kujerar da aljihuna ya iya biya tana can ƙurya, har sai na yi ɗage kafin in hango dandamali. Duk da haka muryarta ta iso ni garau, domin ba ta kururuwa, ba ta kuma yawan lanƙwasa da ake yi don burgewa. Tana ajiye kowace kalma a wurinta, masu busa suna amsa mata daga baya, wani lokacin kuma ta sallame su ta ɗauki jita ita kaɗai. Ba zan ɓoye maka ba, wasu waƙoƙin soyayyarta sun yi mini sanyi da yawa. Amma da ta zo kan waƙar Carmen, wadda ta yi wa kakarta mai wannan suna da ta baro ƙasar Guyana tana da shekara 18 cikin zuriyar da ake kira Windrush, wato mutanen yankin Karibiyan da suka yi ƙaura zuwa Birtaniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai zauren ya yi tsit. Wata dattijuwa da ke gefena ta cire tabarau tana goge ido da bakin gyalenta, ni ma baƙon ƙasar nan ban san lokacin da maƙogwarona ya toshe ba.

A watan Yunin 2024 ta hau babban dandamalin bikin kiɗa na Glastonbury sanye da riga mai hoton kakar tata. Faifanta na biyu, The Art of Loving, ya fito a Satumbar 2025, ya kuma hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Roƙona shi ne kada ka fara da faifan, ka nemi bidiyon Glastonbury ka kalla tukuna, sannan ka rubuto mini ko har yanzu kana kan bakanka.

Ka isar da gaisuwata ga Baba da Hajiya, da amarya da yara.

Wassalam,
Naka har kullum.