Zuwa Ga Ɗana, Kocin Yaran Unguwa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, ya zafin Katsina? Mu nan Daura lafiya lau, sai ƙafar mahaifiyarka da ta ɗan motsa, amma da sauƙi.

Kawunka ya dawo da maganar da ta hana ni barci. Wai a Ƙofar Marusa ana cewa tun da aka ba ka horar da yaran nan ƙwallon ƙafa, ɗan wanda ya saya muku jesi ba ya rasa shiga, kuma ranar gasa kana ɗauko 'yan haya daga wata unguwa, yaran da suka sha rana suna atisaye su ƙare a benci. Ban ce haka ne ba. Amma da kana da tsari, da zancen bai samu wurin zama ba.

Ka sayi littafi mai layi. Sunan kowane yaro, kwanan wata, ya zo ko bai zo ba. In atisaye sau uku ne a mako, wanda ya fasa biyu ba uzuri ba zai fara wasa ba, ko shi ne lamba tara ɗin da kuke taƙama da shi. Ka faɗi wannan doka a gaban kowa tun kafin ta hau kan wani. Sha ɗayan farko ka sanar da su ana gobe wasa, wanda za ka ajiye kuma ka ja shi gefe tukuna, ka gaya masa dalili guda da zai iya gyarawa: ba ka komowa tsaro in an ƙwace ƙwallo, ko kana riƙe ta har a rufe ka. "Ba ka kai ba" ba dalili ba ne. A wasan sada zumunci kowa ya samu aƙalla minti talatin, don a nan ne za ka ga abin da benci yake ɓoye maka.

Kada ka auna yaro da yanka kawai. Ka raba su biyar-biyar a ƙaramin fili, tsawo taku talatin, faɗi taku ashirin, kada kowa ya taɓa ƙwallo fiye da sau biyu kafin ya ba wani. Nan da nan za ka gane wanda yake ɗaga kai ya duba kafin ƙwallo ta iso shi. Sau da yawa shi ne ɗan sirit ɗin da 'yan kallo ba sa yi wa tafi.

An ce kuma kana da ihu. Yaron da ake yi wa tsawa duk taɓawa, idonsa yana kanka, ba ya kan fili, sai ya riƙa dukan ƙwallo gaba don ya rabu da ita. A hutun rabin lokaci ka bar su su sha ruwa su huce, sannan ka faɗi abu biyu ko uku. Zagaye fili goma bai taɓa koya wa kowa fasin ba. Zagin iyaye kuwa, ba a gidan nan ka koya ba.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da nake tsoro kuɗi ne. Ranar da ka karɓi ko naira ɗari biyar ta "sayen ruwa" daga hannun uban yaro, ka sayar da bakinka. Gobe ba za ka iya cire ɗansa ba, jibi shi zai ce a rage wa wane shekaru don ya shiga gasar 'yan ƙasa da 17, ka sa hannu a takarda. Ƙaryar shekaru ba ta zama a ɓoye: tun 2009, lokacin da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta matasan, FIFA ta fara duba ƙashin wuyan hannu da na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI don tantance shekaru. Yaron da ka yi wa ƙarya a unguwa, can zai je ya ji kunya, wanda ka hana gurbinsa kuma ba zai manta sunanka ba, balle sunan ubanka. Kai da wane hankali za ka riƙe kuɗin ƙungiya a aljihunka kana kuma zaɓen 'yan wasa? Ku naɗa ma'aji daban, a rubuta ko sisin kwabo, a karanta wa kowa ƙarshen wata. Wanda ya ba da jesi a yi masa godiya a bainar jama'a, a tsaya nan. Wallahi gara a fitar da ku a zagayen farko da yaranku, da in ji ka ɗaga kofi da 'yan haya.

Na san za ka ce tun kana ƙarami nake tsananta maka. Wanda ba a sa rai da shi ba a tsananta masa. Yaran nan iyayensu sun miƙa maka su ne don sun ga natsuwarka, kuma ni ma na san kana da ita.

Ka zo ranar Juma'a da littafin mu duba tare. Mahaifiyarka ta ce ka taho mata da man zafi. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.